Abin da Ya Hana Kaza Tashi

Mahaifina ya daɗe zaune a gidana da ke GRA, kuma ba da son ransa ba. Tun da idonsa ya yi rauni na ɗauko shi daga gidansa na Ƙofar Marusa, na ba shi ɗaki mai fanka da banɗaki a ciki, na ce ya huta. Kusan kowace Juma'a, in mun dawo daga masallaci, sai ya ce, "Sada, yaushe za ka maida ni gida?" Ni kuwa in ce sai an ga likita, sai zafi ya wuce, sai bayan Salla. In ya matsa, sai in ƙyafta wa 'yata Ummi ido, ta je ta haye cinyarsa ta ce ba inda zai je. Dabarar ba ta taɓa faɗuwa ba. Amma duk ranar da dabarar ta ci, abinci ba ya yi mini daɗi, domin na san inda na koye ta, na kuma san wadda aka fara yi wa ita.

Kakata ce, Dada, wadda ta haifi Baba. Bayan rasuwar kakanmu, Baba ya je ƙauye ya ɗauko ta da sunan ta zo birni ta sha iska kwana biyu. Lokacin yana da 'yar rumfar gyaran keke, ya samu ya tada ɗakuna na ƙasa a Ƙofar Marusa, yana kuma ganin abin kunya ne a ce uwarsa tana daka a ƙauye shi yana birni yana cin tuwon inji. Ta zo da ƙullin kaya ɗaya, da mazarinta na kaɗi, da tantabaru biyu a cikin kwando. Ƙullin nan ba ta taɓa yarda an kwance shi gaba ɗaya ba. In tana son zane sai ta zaro, ta sake ɗaurewa tamau, kamar mai jiran mota.

Ranar da ta iso maƙwabta suka ce a kawo almakashi a rage wa tantabarun fiffike kada su gudu. Dada ta ce ba da ita ba. Ta ce gashin da aka yanke ba ya tohowa sai tsohon ya faɗi da kansa, wannan kuwa aikin shekara ne. Wanda aka fige yana tohowa da wuri, amma tsuntsu na jin zafinsa. In ma aka yi rashin sa'a almakashi ya hau kan sabon toho, wanda jini ke cikin karansa, sai ya yi ta zuba. Ta tsinko zare daga mazarinta, ta haɗa dogayen gashin fiffike ɗaya ta ɗaure su. "Zare kau," in ji ta, "ranar tahiya sai a kwance."

Dada ba ta son ɗaki. Da an sauke tukunyar tuwo an yi sallar isha'i, sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno gaban murhu, ta miƙe ƙafafu wajen garwashi. Ni da ƙanwata Rakiya da 'ya'yan maƙwabta biyu ko uku mu kewaye ta, kowa na ture kowa don ya sami gefen da hayaƙi ba ya bi. A cikin ɗankwalinta kullum akwai gashin zabo guda, ta zage shi tas ta bar masa ɗan tuntu a kai. Da shi take susar kunne, tana murzawa a hankali, ido ɗaya a rufe, kuma duk wanda ya yi mata magana a lokacin ya yi da iska. Ni Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. Ta ce duk ƙauyensu ba wadda ta yi dacen miji kamar ta, ga majina ga kuka.

Daren da nake son ba da labarinsa, Baba ya yi baƙo aka yanka zabo. Dada ce ta fige, ta kuma hana a zubar da gashin. Ta zo da shi a faifai gaban murhu tana tsincewa. Ta ware lallausan nan na ƙasa-ƙasa, wanda in ka yi numfashi kusa da shi sai ya tashi. Ta ware masu ɗigo-ɗigo na bisa jiki, ta ware dogaye masu tauri na fiffike da na wutsiya. Har wasu sirara kamar gashin mutum ta nuna mana, irin waɗanda suke saura a jikin zabo bayan an fige, sai an babbake. Ta ɗauki dogo ɗaya ta ba ni, ta ce in yaga. Na ja gefensa ya rabu biyu, na tsorata na ɗauka na ɓata mata kaya. Ta karɓa, ta sa yatsu biyu ta shafe shi daga gindi zuwa sama, sai ga shi ya koma kamar ba a taɓa shi ba.

"Ka gani, Maigida? Hannun juna suka kama," in ji ta. Ta miƙo mini lallausan. "Wanga kau ba shi da hannu, kowa ta kanshi yake. Shi ya sa ya iya riƙe ɗumi, bai iya riƙe iska ba."

Rakiya ta ce wa ya yi musu hannun. Dada ta soke gashin kunnenta a ɗankwali, mu kuwa muka gyara zama, don mun san abin da ke tafe.

"To, ga baƙuwa nan bakin ƙohwa."

"Ta shigo mu ji ta!"

Can da, in ji Dada, tsuntsaye ba su da gashi ko ɗaya. Tsirara suke kamar ƙadangare, jiki duk ɓawo, suna gudu a ƙasa da ƙafa biyu. Wanda bai yarda ba ya dubi ƙafar kaza, har yau sutura ba ta kai can ba. A cikinsu akwai 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, Kaza da Shamuwa. Duk shekara in sanyi ya sauko sai ya kashe musu 'ya'ya, domin ba su da abin rufa su. Da abin ya ishe su suka tafi wurin wata tsohuwa mai kaɗi da ke zaune a kogon kuka, suka kai kuka. Tsohuwa ta tsitsinka zare ta dasa musu a jiki, sili-sili. Ya ɗan taimaka, amma iska na bi ta tsakani. Suka koma. Ta kama kowane zare ta warware kansa ta shiɓe shi kamar auduga. A shekarar ba ɗan da ya mutu.

Sai damina ta zo, audugar ta sha ruwa ta yi nauyi, suka zama abin tausayi. Suka sake komawa, tsohuwa tana mita tana cewa su ba su da aiki sai roƙo. Wannan karon ta kafa tsinke a tsakiya, ta jera zare dama da hagu, ta ɗora wani kan wani kamar baibayar ɗaki, ruwa ya zuba ya gangare. Ta kuma ajiye musu ɗan mai a gindin wutsiya, ta ce su riƙa lakata da baki suna shafawa. Daga nan ne masu son ado suka fara neman rini, zabo ya sami ɗigo, zakara ya sami abin yanga.

Ana nan aka yi wata shekara ta yunwa, ƙasa ta bushe ƙayau, ba ƙwaro ba tsaba. Kaza da Shamuwa suka koma kogon kuka suna tangaɗi. Tsohuwa ta ce abinci ba ta da shi, amma akwai abu ɗaya da ya rage mata a ƙasan lefe. Ta fito da dogayen gashi masu tauri, gefe ɗaya siriri gefe ɗaya mai faɗi, kowane zare da 'yan ƙugiyoyi yana riƙe da na kusa da shi. Ta dasa musu a hannuwa, ta ƙara wasu a wutsiya don juyawa da sauka. A nan Dada takan canza murya ta yi ta tsohuwar, a shaƙe: "Wanga ba na ado ba ne, ba na barci ba ne. Wadda ta aje shi, ta aje shi ke nan."

Shamuwa ta gwada ta faɗi, ta sake gwadawa ta faɗi, ana ta yi mata dariya, har ran nan iska ta ɗauke ta. Daga sama ta hango inda ake ruwa, ga fara kamar ƙasa. Ta dawo ta ce wa 'yar'uwarta ta taso su tafi. Kaza ta buɗe fiffike, ta ɗaga ƙafa ɗaya, sai tsaki suka fito daga ƙarƙashinta suna kyarma, suna cewa, "Inna, sanyi! Inna, sanyi!" Ta koma ta zauna. Ta ce wa Shamuwa ta yi gaba, tana nan tafe in waɗannan sun yi wayo. Da suka yi wayo, ta riga ta yi ƙwai. Da aka ƙyanƙyashe, sababbi suka ce, "Inna, sanyi!" Haka dai, jiki na ta nauyi fiffike na ta gajarta. Duk shekara gab da damina Shamuwa takan dawo ta sauka ƙololuwar itace tana jira, Kaza ta karkata kai ta dube ta da ido ɗaya. Ranar da ta ce yau kam sai ta tafi, ta tattara duk ƙarfinta ta tashi, ba ta wuce kan katanga ba.

"Nan ta tsaya," in ji Dada. "Kan kusu na mai gyangyaɗi ne."

Rakiya ta ce Shamuwa muguwa ce, tunda ta tafi ta bar 'yar'uwarta. Ni kuwa, da yake ina son a ce ina da kai, na ce a'a, tsakin ne mugaye, su suka hana uwarsu.

"A'a, Maigida," in ji Dada. "Tsaki ba su yi ƙarya ba. Sanyin suke ji."

"To laifin wa ne?"

"Yo dole sai da mai laihi? Tashi ka tahi ka kwanta, idonka ya yi ja."

Wannan tatsuniya ta sha maimaita mana ita, fiye da kowace. Mu dai muna sonta ne saboda muryar tsohuwar kogon kuka da kukan tsaki, wanda muke karɓa mata baki ɗaya muna dariya. Ba wanda ya taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa ta fi yawan zuwa a makon da Dada ta ƙara tamke ƙullinta.

Ga yadda abin yake faruwa. Dada za ta ce wa Baba, ranar kasuwa mai zuwa za ta bi mota ta koma, ɗakinta na can damina na cinye shi, ga kabarin mijinta, ga ƙawayenta. Baba ba ya musu da ita, ɗa ba ya ja da uwa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Allah shi kai mu." Daga nan ya fita zaure ya kira ni da Rakiya, ya rage murya. "Dada za ta tahi. Ban san wanda zai riƙa yi maku tatsuniya ba." Shi ke nan, bai taɓa cewa mu yi wani abu ba. Mu kuwa mu kwasa a guje muna ihu, Rakiya ta haye kan ƙullin ta zauna daram, ni in rungume ƙafar Dada ina birgima. Hawayen nan na gaske ne, ina jinsu har a ƙirjina. Dada ta yi ta kallonmu, can ta ce, "To, ya isa. Sai an yi girbi." In an yi girbi, sai sanyi ya wuce. In sanyi ya wuce, sai bayan azumi.

Wata safiya, kafin shekara ta zagayo, na same ta a tsakar gida da tantabarun a cinya. Ta warware zaren. Gashin ya tattare ya rarrabu inda ɗaurin ya zauna, sai ta bi shi ɗaya bayan ɗaya tana shafawa da yatsu har ya haɗe. Ta ɗora su kan katanga. Suka daɗe a wurin suna gyara jiki da baki, har na ce ai sun manta. Sai namijin ya tashi, macen ta bi shi, suka kewaya unguwa sau biyu suka miƙe yamma. Bayan wasu kwanaki wani ɗan'uwanmu ya kawo hatsi daga ƙauye, yana cikin gaisuwa ya ce, af, tantabarun Dada suna can cikin tsohuwar tukunyarsu a jikin rumbu. Dada ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Sun riga ni." Ranar ba ta fito gaban murhu ba, aka ce mana kanta ke ciwo.

Ta ƙara shekaru da yawa tare da mu. Ta ga na shiga sakandare, ta ga auren Rakiya. A Katsina ta rasu, a nan aka rufe ta, ba ta sake taka ƙauyen nan ba. An kula da ita iyakar kulawa, wannan ko gaban wa zan faɗa. Ba ta kwana da yunwa ba, ba ta nemi magani ta rasa ba, ba a taɓa ɗaga mata murya ba. Shi ya sa na daɗe ban ga wani abin damuwa a cikin labarin ba.

Da na girma na yi karance-karance, na tarar masu bincike suna faɗin abin da ya yi kusa da na Dada, har ya ba ni dariya. Sun ce sun sami sawun wasu halittu na can zamanin da a cikin duwatsu, dangin su kada da ƙadangare, masu tafiya da ƙafa biyu, jikinsu da sili-silin gashi kamar zare. A ganinsu daga nan abin ya faro, ya zama tuntu, ya sami kara a tsakiya, sannan 'yan ƙugiyoyin da ke haɗa shi suka zo. Sun ce gashi ya daɗe yana aikin ɗumi da ado da rufe ƙwai kafin a fara tashi da shi. Allah ne masanin yadda ya tsara halittarsa. Ni dai na taɓa sa gashin tantabara ƙarƙashin gilashin ƙara girma, na ga ƙugiyoyin da idona, jere reras, kowace ta maƙale ta kusa da ita. Na so a ce Dada tana nan in nuna mata hannuwan da take faɗi.

Amma ba wannan ne ya sa tatsuniyar ta dawo mini ba. Abin da ya dawo da ita shi ne ranar da na fara jin bakina yana cewa Baba, "Sai zafi ya wuce." Ina da hujjoji, kuma masu kyau ne. Lungun gidansa akwai kwata a buɗe, ga babura ba sa kallon gabansu, ga maganin ido da ake ɗigawa safe da yamma. Sannan, in zan faɗi gaskiya, akwai bakin mutane: a ce ma'aikacin gwamnati yana GRA ubansa yana lalube a gidan ƙasa. A gidana kuwa Baba ba ya da abin yi. Unguwar shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, kowa bayan get ɗinsa, ba dakalin hira, ba mai leƙowa ya ce an tashi lafiya. Yana wuni zaune da rediyo a kunne. Ina ganin haka kowace rana, in wuce ofis ina gaya wa kaina ai hutu ne.

Juma'ar da ta wuce ya sake tambaya. Ban ƙyafta ido ba, ban ma dubi Ummi ba. Da kanta ta ajiye abin da take ci, ta ruga ta haye cinyarsa ta fashe da kuka, kuka na gaske har da shessheƙa. Sunan Dada gare ta, shi ya sa Baba ba ya kiran sunanta, Uwata yake ce mata. Ya yi ta shafa kanta yana lallashi. Can ya ce, "To, ya isa, Uwata. Sai bayan damina." Na tashi na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, ga shi ba wanda ya zarge ni da komai.

Washegari, bayan an kai Ummi Islamiyya, na sa kayansa a mota. Ɗan ƙanensa Habu da matarsa suna zaune a gidan, na riga na yi magana da su kan magani da abinci. Da muka tsaya bakin lungu na zagayo zan riƙe masa hannu, ya ture ni. Ya dafa bango, ya tsallake kwatar ba tare da ya duba ba, ya bi ta inda ya saba har zaure. Kafin ya zauna wani tsoho ya leƙo daga shagon tela yana cewa, "Wa nake gani haka? Malam Isa, ashe kana duniya!" Aka shiga gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, yaya jiki, yaya bayan rabo, wannan ya zo wancan ya zo. Na ji muryar Baba ta ɗaga, har yana yi wa wani tsiya kan haƙoransa da suka zube.

Na tsaya gefe ina kallon kwatar nan. In ya faɗa ciki gobe, ni na kawo shi. Da na zo sallama ya kama hannuna ya jawo ni kusa, ya rage murya.

"Sada, kar ka kawo mani Uwata sai na kwana biyu. In ta yi kuka, biyo ka zan yi. Na san ƙarhin abin nan, ni na hwara shi."

Sai na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba. "Baba, Dada ta sani?"

"Ta sani mana," in ji shi. "Zauren ga da ɗakinta bango ɗaya ne. Duk sanda na kira ku tana ji."

Ya saki hannuna ya juya wajen mutanensa. Na koma GRA ni kaɗai, na tsaya bakin get na kashe mota. Daga ciki ina jin muryar Ummi, ta dawo, tana bin ɗaki-ɗaki tana tambayar uwarta ina kakanta. Na ɗan zauna, sannan na buɗe ƙofa na shiga.